Sharhi: Iyakar Amfanin Furobayotik ga Mai Shan Antibayotik

Maganin kashe ƙwayoyin cuta, wato antibayotik, bai san na gida da baƙo ba. Idan ya shiga ciki yakan haɗa har da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji, shi ya sa wasu kan yi fama da gudawa 'yan kwanaki da fara shansa. Ga tsofaffin da ke kwance a asibiti abin ya fi muni, domin wata ƙwaya mai suna Clostridioides difficile kan samu fili ta yaɗu, har ta kai ga rasa rai. Don toshe wannan ɓarakar ne ake haɗawa da furobayotik, wato ƙwayoyi masu rai da ake zubawa a kafso ko a gari.

Ra'ayinmu shi ne furobayotik na da amfani, amma amfaninsa na da iyaka. Nazarin da cibiyar Cochrane ta tattara a 2017 ya nuna yana rage haɗarin gudawar da waccan ƙwaya ke haddasawa da kusan kashi 60 cikin ɗari. Sai dai ba kowane iri ne ke wannan aikin ba. Daga cikin waɗanda aka fi gwadawa akwai Saccharomyces boulardii, wanda yisti ne, don haka antibayotik ba ya kashe shi. Sauran kuwa akan bar tazarar kamar awa biyu tsakaninsu da maganin.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. A 2018 masu bincike a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila sun ga cewa waɗanda suka sha furobayotik bayan antibayotik sun yi watanni hanjinsu bai koma yadda yake ba, fiye da waɗanda aka bari haka nan. Amma mutanen da aka gwada kaɗan ne, kuma abin da aka auna daban ne: hana gudawa a yau abu ɗaya ne, farfaɗowar hanji wani abu ne. Saboda haka tsoho mai rauni na iya cin riba, matashi mai ƙoshin lafiya kuwa sau da yawa ba ya bukata. Wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ƙwarai, da bakwaini, kada a ba su sai da izinin likita, domin ƙwayoyin na iya shiga jini.

Wani zai ce ai ga kindirmo a ƙwarya, me za a kai kuɗi kemis? Kindirmo mai tsabta abinci ne mai kyau, amma mai shansa bai san iri ko yawan ƙwayoyin da ke cikinsa ba. Sannan sinadarin kalsiyam da ke cikin nono yakan riƙe tetirasaikilin da sifurofuloksasin ya hana jiki tsotse su yadda ya kamata, don haka mai shan waɗannan biyun kada ya kora su da fura da nono.