Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Dalilin da Ya Sa Na'urar Ganga Ta Ƙi Ɓacewa

A yau duk mai kwamfuta, kai har mai wayar hannu, yana iya sauke manhajar da ke ɗauke da dubban sautukan ganga, wata a kyauta, wata da kuɗi ƙalilan. Duk da haka, kamfanoni irin su Roland da Korg na Japan da Elektron na Suwidin ba su fasa ƙera akwatunan kiɗa masu maɓallai ba, masu haɗa kiɗan lantarki kuma ba su fasa zuba ɗaruruwan daloli suna saye ba. Ga matashin da ke tara ɗan jari domin buɗe situdiyo, wannan lamari ya wuce abin ban mamaki, ya zama shawara ta kuɗi: akwatin nan kayan aiki ne ko kuwa ado? Gaskiyar magana ita ce darajarsa tana cikin yadda yake sa hannu aiki da yadda yake taƙaita zaɓi. Wanda ya saye shi da zaton sautinsa ya fi na kwamfuta ya yi cinikin biri a sama.

Na'urar ganga akwati ce da ke yin abu biyu. Tana samar da sautin kayan bugu, wato babbar ganga da ƙaramar ganga da farantan ƙarfe da tafi da ƙararrawa. Sannan tana riƙe tsarin bugun da aka shirya mata, ta yi ta maimaita shi a saurin da aka zaɓa. Hanyar samar da sautin iri biyu ce. Wata na'urar ana naɗa mata sautin ganga ta gaskiya ta adana, wata kuma tana ƙirƙirar nata daga kaɗawar wutar lantarki, ba tare da an taɓa buga fata ba.

Hanyoyin biyu sun yi karo a 1980. A Amurka, Roger Linn ya fitar da LM-1, wadda ke ɗauke da naɗaɗɗen sautin gangunan gaske, a kan kusan dala 5,000. A Japan kuwa, kamfanin Roland, wanda Ikutaro Kakehashi ya kafa a Osaka a 1972, ya fitar da TR-808 a kan dala 1,195. Kasuwar lokacin neman madadin makaɗi take yi, don haka ta auna kowace na'ura da kusancinta da ganga ta gaskiya. A wannan ma'auni 808 ta faɗi, domin babbar gangarta gunji take yi, farantanta kuma suna shi kamar ruwa a kan garwashi. Bayan an ƙera kimanin 12,000 aka dakatar da ita a 1983. Kakehashi da kansa ya bayyana cewa wani sashe na sautinta ya dogara ne da wasu taransistoci masu tawaya da ya saya da gangan, kuma da masana'antu suka inganta aikinsu sai irinsu suka daina samuwa.

To, ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido. Tun a 1982 Marvin Gaye ya ɗora waƙarsa "Sexual Healing" a kan 808, Afrika Bambaataa kuma ya yi "Planet Rock" da ita. Da farashinta ya faɗi a shagunan kayan kwance, sai ta shiga hannun matasa baƙaƙen fata waɗanda ba su da halin ɗaukar makaɗa ko hayar babban situdiyo. Su ba su nemi ta yi kama da komai ba. Sun gano cewa idan aka murɗa maɓallin da ke tsawaita amon babbar gangarta, takan saki wani kauri mai kaɗawa wajen sau 50 a daƙiƙa, wanda ƙirji ke ji kafin kunne. Wannan kauri ya zama ginshiƙin hip-hop, har a 2008 Kanye West ya sa lambar na'urar a sunan kundinsa. Ƙanwarta TR-909, wadda ta fito a 1983, ita ma ba ta yi kasuwa ba, amma daga baya ta zama ƙashin bayan kiɗan haus a Shikago da na tekno a Ditroit. Darasin a fili yake: na'urorin nan sun kasa a matsayin kwaikwayo, sun ci nasara ranar da aka karɓe su a matsayin kayan kiɗa masu zaman kansu.

Abu na farko da ke jan masu kiɗa gare su shi ne fuskarsu. A ƙasan 808 akwai maɓallai 16 a jere, kowane yana wakiltar taki ɗaya na zagayen kiɗa. Mai kiɗa zai zaɓi ganga, ya danna takin da yake so ta faɗa, ya ji sakamakon nan take yayin da ɗan haske ke gudu bisa jerin. Manyan sautukan kowane da nasa abin murɗawa, da kuma nasa mafitar waya a bayan akwatin, ta yadda za a iya gyara kowane shi kaɗai. Mai aiki da linzamin kwamfuta abu ɗaya yake taɓawa a lokaci guda, idonsa kafe a allo. Mai akwati kuwa yana da yatsu goma, kuma bayan wata da watanni hannunsa yakan haddace wurin kowane maɓalli har ya daina dubawa. A nan ne shiri ke komawa wasa. Jeff Mills na Ditroit ya shahara da kaɗa 909 a gaban jama'a, yana shigar da sauti yana cirewa, yana sake tsarin bugu kiɗa na tafiya, abin da duk mai kallo zai shaida cewa gwaninta ce ta hannu.

Abu na biyu shi ne iyaka. Manhaja mai dubban sautuka tana iya cinye wa mutum dare guda yana zaɓen ƙaramar ganga, gari ya waye bai haɗa komai ba. Akwati mai sautuka ƙalilan yana tilasta masa ya bar zaɓe ya kama aiki. Na'urar SP-1200 ta kamfanin E-mu, wadda ta fito a 1987, daƙiƙa 10 kacal take iya naɗa. Domin su samu wuri, masu haɗa hip-hop sukan juya faifai da sauri fiye da ƙa'ida su naɗa, sannan su rage saurin a cikin na'urar. Dabarar tana bar wa sautin wani ɓarzo-ɓarzo, kuma shi ne ya zama tambarin kiɗan wancan zamani. Ƙarancin wuri ne ya haifi salon.

Masu suka sukan ce bugun na'ura ba shi da rai, domin daidaitonsa ya wuce na ɗan Adam. Suka ce mai tushe, kuma maƙeran sun san da ita tun farko. Linn ya sanya wa na'urorinsa wani tsari na rangaji, wanda ke ɗan jinkirta kowane taki na biyu: a kashi 50 bugu yana tafiya a miƙe, a wajen kashi 66 kuma ya koma kamar an raba shi uku. MPC60, wadda ya tsara wa kamfanin Akai a 1988, ta zo da murabba'an roba 16 da ake bugawa da yatsu, masu jin bambancin bugu mai ƙarfi da mai taushi. J Dilla ya yi suna da kashe tsarin da ke gyara kuskuren lokaci, ya bar gangunansa suna ɗan riga ko suna ɗan makara, har makaɗan gaske suka koma koyon bugu irin nasa. MPC3000 da ya yi aiki da ita tana gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka da ke Washinton. Ashe ran kiɗa yana ga mai bugun.

Sai dai dole a rage wa masoyan akwatunan nan zaƙi. Da'awar cewa kwamfuta ba za ta taɓa kamo sautinsu ba ta yi rauni. Tun 1997 manhajar ReBirth ta fara kwaikwayon 808, jerin takun da ke cikin FL Studio kuma gadon wannan tsari ne. TR-8 da Roland ta fitar a 2014 ma da lissafin kwamfuta take ƙirƙirar tsofaffin sautukan, kuma idan aka gauraya kiɗa aka sake shi ta lasifika, da wuya mai rawa ya bambance. Tsohuwar 808 ta asali yanzu dubban daloli ake sayar da ita, wanda ya mai da ita kayan masu tara tarihi. Mai son horar da hannunsa ƙaramar na'ura irin Volca Beats ta Korg, wadda ke aiki da batir, ta ishe shi.

Akwai kuma illar da ba a cika faɗa ba. Jerin taki 16 an gina shi ne a kan kiɗa mai ƙafa huɗu, alhali yawancin kaɗe-kaɗen Afirka ta Yamma suna ɗora uku a kan biyu. Ana iya gajarta jerin zuwa 12, amma malalaci yakan bi abin da ya tarar. Situdiyoyin Kano sun san wannan, domin tun shekarun 1990 waƙoƙin fina-finan Hausa suka dogara da fiyano ƙirar Yamaha PSR, wanda sashen gangarsa na'urar ganga ce da aka cusa a ciki. Kalangu kuwa yana hawa yana sauka ne gwargwadon yadda makaɗi ya matse tsarkiya a hammatarsa, har ya bi karin harshe, kuma maɓalli ɗaya ba ya ɗaukar wannan. Wanda ya nemi akwati ya zame masa kalangu ya maimaita kuskuren kasuwar 1980.

Saboda haka, mai tunanin saye ya fara tambayar kansa irin aikin da yake yi. Idan burinsa ya cike waƙa da ganga cikin sauri da arha, manhaja ta wadatar, kuɗin ya fi amfani a kan makirfo mai kyau. Idan kuwa yana son bugu ya zama abin da yake kaɗawa da jikinsa, a ɗaki ko a gaban taro, to akwati ɗaya da zai zauna da shi shekaru har ya san halinsa ya fi masa rumbun sautukan da ba zai taɓa gama saurara ba.