Layin Aro a Darrasa

Muna so mu yi magana da 'yan'uwanmu fatake da masu kai 'ya'ya karatu Masar, a kan wata al'ada wadda mu dai ba mu ga kyanta ba.

Kowa ya sani mutumin zango in ya sauka Alƙahira, da wuya bai fara da Darrasa ba. Nan Masallacin Azhar yake, da na Sayyidina Husaini, da kasuwar Khan Khalili, da rumfunan littattafai na bayan masallaci, nan kuma yaranmu masu karatun Shari'a da Usuluddini suke kai da kawowa. To, baƙo da saukarsa abin da yake fara nema shi ne ya gaya wa gida ya iso lafiya. Waɗansu sukan bar layinsu na MTN ko Telecel a kunne, wai ai haka suke yi a Lome da Abijan. Gaskiya ne, tun 2023 aka yi yarjejeniyar rangwamen kuɗin waya tsakanin Gana da Kwaddibuwa, a 2024 aka ƙara da Togo da Benin. Amma wannan sha'anin ƙasashen ECOWAS ne, Masar kuwa ba ta ciki. Wanda ya buɗe intanet da layin gida a can, kafin ya gama gaisuwa katinsa ya ƙare.

Saboda haka sayen layin Masar shi ne daidai, ba mu da ja a nan. Inda muke da ja shi ne hanyar da ake bi. Sai ka ga Alhaji guda, da fasfonsa cikin aljihu, ya kira ɗalibi ya ce, "Yaro, ara mini layinka, ko ka sayo mini wani da sunanka." Yaron kuwa kunya ba ta barinsa ya ce wa baban abokinsa a'a.

Jama'a, mu duba wannan da kyau. A Masar ba a ba da layi sai an rubuta shi da takardar mutum, baƙo kuwa da fasfonsa. Watau duk kiran da aka yi da layin nan, da duk cinikin da aka ƙulla, sunan yaron ne a kai. Alhaji ya yi kwana goma ya ɗaure kayansa ya komo Kumasi ko Nima, wani lokaci ma ya miƙa layin ga wani baƙon da yaron bai taɓa gani ba. In rigima ta taso, ko ta bashi ko ta wani abu, wa za a nema? Wanda yake zaune da takardar iƙama, wadda kullum sabunta ta ake yi, shi ne a hannu. Ubansa ya sayar da abin da ya sayar ya tura shi neman ilmi, ba tsaya wa cinikin kowa ba.

Abin kuwa ba wuya gare shi ba. Kamfanoni huɗu ne: Vodafone mai lamba 010, Etisalat wanda yanzu ake rubutawa e& mai 011, Orange mai 012, da WE mai 015. Suna da teburansu tun daga filin jirgin sama, suna da kantuna cikin gari. A miƙa fasfo, a biya, a sa layin a gwada kafin a bar wurin. Kada a saya hannun mai talla a bakin titi, gama ba a san da sunan wa aka rubuta shi ba. Layin gida kuwa a bar shi cikin wayar, tun da yawancin wayoyinmu guri biyu gare su, domin kuɗin MoMo a jikinsa suke, sai dai a kashe masa intanet. WhatsApp yana nan da lambarsa ta dā, iyali ba za su rasa mutum ba.

Sauran magana ɗaya, ta iyaye. Tun watan Janairu 1 ga wata na 2025 Masar ta sa haraji a kan wayar da aka shigo da ita daga waje. In an sa mata layin Masar tana aiki kwana 90, sa'an nan a toshe ta sai an biya ta manhajar Telephony, kuɗin kuwa ya fi sulusin tamanin wayar. Falke mai mako biyu ba ruwansa da wannan. Amma wanda ya bar wa ɗalibi wayarsa kyauta, ko uwar da ta ba da saƙon sabuwar waya a kai wa ɗanta, bashi suka ɗora masa ba su sani ba. Gara a aika da kuɗin ya saya can, tun da Samsung da Infinix da waɗansu suna harhaɗa wayoyi cikin ƙasar.

Muna roƙon limamai da sarakunan zango su faɗa wa masu shirin tafiya wannan tun kafin su tashi. Ku kuma ɗalibai, in baƙo ya nemi layinku, ku ɗaukar masa jaka ku raka shi kantin kamfani da fasfonsa, ku yi masa tafinta.