Ruwa ba ya tsami banza

A wannan wata hirarmu a kan ruwan tabki ce.

Damina ta wuce. Tabkuna sun cika, tun daga manya irin na Madarunfa da Tabalak da Gidimuni har ƙananan da ke bayan gari. Nan da wata biyu ko uku ruwan ƙananan zai ja baya, ya koma kamar shayi. Ku ɗebo shi cikin kwalba ku aje har gobe. Rairayi zai kwanta, amma launin ba zai fita ba. Mene ne dalili?

Ganye da haki da kashin dabbobi suna ruɓewa cikin tabki. Wani sashe nasu yana narkewa kamar yadda sukari ke narkewa. Shi ne ke rina ruwan. Bari mu kira shi ruɓaɓɓen da ya narke. Tsumma ba ya tare shi, kuma ba ya kwantawa.

Yanzu ga wani sabon abu. Masana'antu suna ƙera wata irin ƙura mai laushi ƙwarai da ake kira nano. In an raba kaurin silin gashi ɗaya gida dubu, to kashi ɗaya ya kai girman manyan ƙwayoyinta. Ido ba ya ganinta. Ana sa ta cikin fenti, da man shafawa mai kare fata daga rana, da wasu tufafi. Akwai ta azurfa, mai kashe ƙwayoyin cuta. Akwai fara, ta wani ƙarfe mai suna titan. A shekarar 2022 ƙasashen Tarayyar Turai sun hana sa farar hodar titan cikin abinci. A ƙasar Indiya kuwa, tun 2021 ana sayar wa manoma takin zamani na ruwa da aka ce an yi shi da wannan dabara. Kun ga ke nan zancen ya fara shiga gona. Abin da aka shafa a jiki, ko aka wanke, ko aka fesa, ƙarshensa ruwa. Leda ma in rana ta toya ta tana murmushewa, ta zama ƙura irin wannan.

To, me ke faruwa in ƙurar ta haɗu da ruɓaɓɓen da ya narke? Ku dubi mai fura. Tana barbaɗa wa dawo gari don kada ya manne da ɗan uwansa. Haka ruɓaɓɓen yake yi. Yana lulluɓe kowace ƙwayar ƙura, ya sa mata riga. Da babu rigar, ƙwayoyin za su iya mannewa da juna, su yi nauyi, su kwanta cikin laka. Da rigar, kowace tana ture ƴar uwarta. Sai su daɗe suna yawo cikin ruwa, korama ta kai su nesa, saniya ta sha, yaro ya sha. Laka mai laushi ma haka take samun riga, shi ya sa wani tabkin ba ya washewa.

Amma abin fuska biyu gare shi. Masana sun gano cewa ruɓaɓɓen yana kama dafin da azurfa ke saki, ya rage cutar da take yi wa kifi da ƙananan halittun ruwa. Kuma a ruwan da ke da farar ƙasa da yawa, farar ƙasar takan ƙulla rigar wannan ƙwaya da ta waccan, su dunƙule su kwanta. Saboda haka ƙura iri ɗaya tana iya kwantawa a wannan tabki, ta yi ta yawo a wancan.

Ba ƙura kaɗai ruɓaɓɓen yake riƙewa ba. Yana riƙe maganin ƙwari da dafin ƙarfe, ya tafi da su. Yana kuma cinye ƙarfin maganin tsabtace ruwa. Wanda ya jefa ƙwayar Aquatabs cikin ruwa mai duhu, laka da ruɓaɓɓe za su cinye wani sashe na ƙarfinta kafin ta gama da ƙwayoyin cuta.

Kada wani ya firgita. Babban abokin gabanmu cikin ruwa har yau shi ne ƙwayar zawo da ta kwalara. Iyayenmu sun yaƙi kurkunu da tace ruwa da haƙa rijiyoyi, har a shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa babu shi a Nijar. Tsumma yana tare ƙwaron da ke ɗauke da kurkunu, don yana da girma. Ƙwayar zawo da ƙurar nano suna wucewa ta cikinsa kamar akuya ta ƙofar gari. Dole a ƙara wani aiki bayan tacewa.

Ga abin da ya kamata mu yi:

1. In akwai famfo ko rijiya mai murfi, a sha nasu. A bar wa dabbobi tabki.

2. In dole sai ruwan tabki, a tace shi da tsumma mai tsabta.

3. A sa ya kwanta. A ɓare busassun ƴaƴan zogala, a daka farar ƙwayar ta yi laushi. Ƙwaya ɗaya ta ishi litar ɗaya. A motsa sosai, a bar shi awa ɗaya ko biyu. Garin zogala yana kama rigar nan, ya jawo ƙwayoyin su dunƙule su faɗi ƙasa. Matan karkara na ƙasar Sudan sun daɗe suna wannan dabara. Alif, wanda wasu ke kira alam, shi ma aikinsa ke nan.

4. A tsiyaye na sama a hankali, a zubar da na ƙasa nesa da rijiya.

5. Sannan a tafasa, ko a sa Aquatabs a jira minti 30. Ruwan da aka gyara da zogala a shanye shi ran nan, kada ya kwana biyu.

6. Kada a wanke gwangwanin maganin ƙwari ko na fenti a bakin tabki. Kada a jefa leda da tsohon batir a ciki. Tafasawa tana kashe ƙwayar cuta, amma ba ta fid da dafin ƙarfe.

Malaman yaƙi da jahilci, ku gwada wannan gaban ɗalibanku. Ku cika kwalabe biyu da ruwan tabki ɗaya. Ku sa garin zogala cikin ɗaya, ku bar ɗaya haka nan. Bayan awa biyu ku ɗaga su ga hasken rana, kowa ya gani da idonsa. Ku rubuto muna abin da kuka gani, da sunan garinku da na tabkinku.

Rigakafi ya fi magani. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.