WA YA TAKA MOTAR KARA?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Daura, ko a cikin birni ne, ko a Zango, ko Baure, ko Sandamu, ko Mai'adua, ya san abin da yara maza kan yi da kaka, bayan an yanke dawa an kwantar da kara. Za ka tarad da su a gindin bishiya ko a bayan danga, kowa riƙe da tsohuwar reza, suna ferar kara, ɓawo gefe guda, totuwa gefe guda. Totuwar ita ce katako, ɓawon shi ake fiƙewa a soke ta a haɗa, ƙayar aduwa ita ce ƙusa, sa'an nan a sami sakaina ko tsohon silifa a yanka ƙafafu. Kafin la'asar babbar mota ta fito da bodinta, har da tsanin da yaron mota zai hau. Waɗanda suka ƙara wayo sukan bar kara su koma gwangwanin madara da langalanga da waya, har su sa sitiyari mai dogon hannu wanda ke juya ƙafafun gaba in an murɗa shi.

Ina aji huɗu na firamare na yi irin wannan mota. Kwana uku na yi ina fama da ita, domin so nake ta yi kama da wata tirela da ke wucewa ta hanyar Kongolam. Na zo da ita makaranta don in nuna wa abokaina. Malaminmu ya gan ta a ƙarƙashin benci, ya jawo ta, ya ɗora takalmi ya murƙushe, ya ce wannan aikin marasa aikin yi ne. Abin da ban manta ba shi ne, a ƙarshen zangon nan aka ce kowa ya kawo aikin hannu. Yawancinmu muka tafi kasuwa muka sayo tsintsiya da mafici, wasu ma kuɗin suka miƙa kai tsaye, aka ba kowa makinsa. Watau abin da na yi da hannuna an taka shi, abin da na sayo kuwa an yaba.

Ban riƙe malamin nan a zuciya ba, domin shi ma abin da ya tarar ke nan. Da mu nake, 'yan'uwana ɗalibai, da ku matasan ma'aikata da kuka riga mu fita. Mu ne za mu zama malaman gobe da masu tsara manhaja da masu sa hannu a takardun kuɗi, kuma in muka faɗa wa juna gaskiya, ƙafar nan da ta taka motar kara tana jikin kowannenmu. Bokon da muka gada ya koya mana cewa mutum mai daraja shi ne wanda hannunsa ba ya taɓa kome sai biro. Maƙeri da sassaƙe da magini kuwa mutane ne da ake kira a ba su aiki, a yi musu tayin wulaƙanci. Alhali ko labarin kafuwar Daura da muke taƙama da shi, ai sai da Bayajidda ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa kafin ya iso Kusugu. Muna tuna wanda ya sare macijin, mun manta waɗanda suka zauna gaban zuga-zugi.

To, bari mu dubi yadda wasu al'ummai suka ɗauki wannan abu da muke kira wasan banza. Su a wurinsu ƙera samfur, watau yin ƙaramin kwatankwacin jirgi ko mota ko gini daidai da siffarsa, sana'a ce, kuma abin sha'awa ne da manya masu furfura suke kashe lokacin hutunsu a kansa ba tare da kunya ba. Tun a ƙarni na 17 masu ƙera jiragen ruwan yaƙi a Ingila sukan yi ƙananan samfurori na katako masu nuna kowane haƙarƙari na jirgin, da yawansu kuma an adana su a gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich. Wajen 1871 wani injiniya mai suna William Froude ya gina dogon kwarmin ruwa a Torquay da kuɗin rundunar ruwan Ingila, yana jan ƙananan jirage a ciki yana auna yadda ruwa ke turje musu. Daga nan ya fitar da ƙa'idar da ake lissafa ƙarfin injin da babban jirgi zai buƙata tun ba a yanka ƙarfe ko ɗaya ba. 'Yan'uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, sha'awar tashi ta shige su ne daga wani ɗan abin wasa mai farfela da mahaifinsu ya kawo musu a 1878. A 1901 suka gwada ƙananan fukafukai iri-iri a cikin akwatin da suke hura wa iska, a Disamba 1903 kuma jirginsu ya tashi. Da mahaifinsu irin malaminmu ne, da wani labarin ake yi.

Kai, a birnin Kure na ƙasar Japan, inda aka ƙera shahararren jirgin yaƙin nan Yamato wanda Amurkawa suka nutsar a Afrilu 1945, an buɗe gidan tarihi a 2005 aka ajiye samfurinsa a tsakiya. Tsawon jirgin na ainihi mita 263 ne, aka rage shi sau goma, samfurin ya tashi mita 26 da 'yan kai, watau ya fi tsawon tirela. Ba ina yabon yaƙi ba ne, kuma Yamato bai tsinana wa Japan kome ba sai asarar dubban rayuka. Abin lura shi ne, ƙasar da ta cika kasuwanninmu da motoci da babura ba ta ga faɗuwar girma ba don ƙwararrunta sun zauna sun ƙera abin da mu za mu kira abin wasa.

Wani zai ce, yo me ya haɗa ɗan Daura da jirgin ruwan yaƙi, mu da ko babban kogi ba mu da shi? Amsa ita ce, babban jirgin yaƙin da Nijeriya ta sayo, wanda ya fara aiki a 1982, sunan Hausa gare shi: Aradu. Kamfanin Blohm da Voss ne ya ƙera shi a Hamburg ta Jamus, mu namu biyan kuɗi da raɗa suna. Akwai kuma wani ƙarami da sojojin ruwanmu suka ƙera da kansu a Legas aka ƙaddamar a 2016, sunansa Karaduwa, sunan kogin nan na jihar Katsina. Saboda haka ko ta fuskar suna muna da rabo a ciki.

Amma hujjata ta fi ta suna ƙarfi, kuma a nan nake roƙon mai karatu ya ɗan dakata. Tsawon Aradu kimanin mita 125 ne. In aka ce a yi samfurinsa bisa awon ɗaya cikin ɗari, ma'ana kowace mita ɗaya ta jirgin ta koma santimita ɗaya, samfurin zai zama mita ɗaya da kwata, abin da yara biyu za su ɗauka. To nawa ya kamata nauyinsa ya zama in ana so ya zauna a ruwa daidai inda babban yake zama? Mai gaggawa zai ce a raba nauyin gida ɗari. Kuskure ne, domin an rage tsawo sau ɗari, an rage faɗi sau ɗari, an rage zurfi sau ɗari, watau an rage cikinsa sau miliyan. Jirgin da ya haura tan 3,000 samfurinsa kilo uku ne da 'yan kai. In ya fi haka zai lume, in bai kai ba zai yi ta rawa a saman ruwa kamar ƙoƙo. In kuma aka tara nauyin a sama, zai kife a gaban idon mai shi. Yanzu ku gaya mini, darussa nawa ne na lissafi da kimiyya a cikin wannan ɗan aiki? Mu nawa ne muka haddace ƙa'idar Archimedes muka ci jarrabawa da ita, alhali ba mu taɓa sa wani abu a ruwa mun duba ba? Yaron da samfurinsa ya kife a kududdufi sau biyu, ya gyara a na uku, ya fi mu sanin ƙa'idar nan ko bai taɓa jin sunan mai ita ba.

A nan kuma dole in juyo kan wasu mutane da suke ganin suna tare da ni. Su ne waɗanda in yaro ya ƙera jirgin sama na gwangwani sai su ɗauki hotonsa su watsa, a yi ta cewa baiwa, baiwa, wani mai kuɗi ya ba shi 'yan dubbai, bayan sati biyu a manta da shi. A 2007 wani ɗalibi a Kano ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota da tarkacen ƙarfe, har ya ɗan ɗaga daga ƙasa, jaridun duniya suka ɗauka. Wace makarantar ƙere-ƙere ce ta tsiro daga wannan shewa? Irin wannan yabo ɗan'uwan raini ne, domin duka biyun ba sa koya wa yaro kome. Gaskiyar magana, motar kara da ido ake yin ta. Ƙafafunta sukan yi mata girma, kanta yakan fi bodinta, kuma mai ita ba zai iya yin biyu iri ɗaya ba. Abin da ya rage tsakaninta da aikin injiniya shi ne awo: rula, da zane a takarda kafin a yanka, da sanin sau nawa aka rage. Wannan kuwa mu ke da shi, mu 'yan boko, shi yaron ba shi da shi. Hannu kuma yana wurinsa, mu ba mu da shi. Mun tsaya kowa a gefensa muna kallon juna.

Cewa haɗa su biyun yana haifar da abu, ga Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, wanda ya yi karatun zanen gine-gine a Birnin Kebbi, ya wuce Detroit ya koyi zanen motoci, har ya zana siffar motar Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna a 2007. Su kuwa masu wannan sana'a, da yumɓu na musamman suke fara siffanta mota kafin a je ga ƙarfe. Yumɓu fa, irin abin da ake dukan yaro in ya ɓata rigarsa da shi.

Na san za a kawo wasu dalilai. Za a ce addini, to maganar malamai a kan surar abu mai rai take, mota da jirgi kuwa ba su da rai. Za a ce babu kuɗi, kuma wannan ita ce hujjar da ta fi ba ni haushi. Da aka fara tsarin ilmi na 6-3-3-4 a 1982, an sayo injunan koyar da sana'a daga ƙasashen waje da maƙudan kuɗi aka rarraba wa makarantu. A wurare da yawa suka ruɓe a cikin akwatunansu, babu wutar da za ta tashe su, babu malamin da ya san kansu. 'Yan kwangila suka ci, yara suka ci gaba da zana hoton zarto a littafi. Kara kuwa kyauta ne, kwali kyauta ne, gwangwani a bola yake. Ina jin laifinsu ke nan, domin abin da babu kwangila a cikinsa ba ya samun mai tsaya masa a ofis. Haka nan ban yarda a ce mafita ita ce a sayo samfurorin roba na Airfix ko Tamiya a raba wa yara su liƙa ba. Suna da kyau ga mai hali, amma wanda ya liƙa abin da wani ya auna ya yanka bai koyi awo ba.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. Ku zaga unguwanninku da kakar bana ku ƙirga yara nawa ne ke ferar kara. Motar roba ta kasuwa da wayar hannu sun kusa gamawa da su. Wannan kuwa yana faruwa ne a daidai lokacin da Daura ta sami abin da ba ta taɓa samu ba. A Disamba 2019 aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a garin, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga kuma hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinta a Fabrairu 2021, wadda aka tsara ta bi ta Daura. Gine-gine dai ga su. Amma in yaran da za su shiga cikinsu an riga an kashe musu hannu tun suna aji huɗu, injiniyoyin allo za mu yaye, masu jiran Bature ko ɗan Sin ya zo ya kwance musu noti.

Don haka ga abin da nake nema daga Ƙungiyar Ɗalibai, kuma zan kawo shi a rubuce a zaman majalisa mai zuwa. Kowace shekara muna kashe kuɗi a makon al'adu, a sha kiɗa, a ci shinkafa, a ba manya lambar yabo. A ware abin da bai kai kuɗin hayar kujeru ba a sayi rula da zarto da gam da fenti, a nemi ɗaki ɗaya mai makulli. 'Yan sashen injiniya su yi zanen Aradu bisa awon ɗaya cikin ɗari. 'Yan ƙasar Daura da ke cikinmu, in mun je hutu, kowa ya nemo yaro ɗaya daga unguwarsu wanda ya fi kowa iya motar gwangwani, mu zauna da su a tabarma ɗaya, mu riƙe rula su riƙe almakashi. In an gama, a kai shi madatsar ruwa ta Sabke a sa shi a ruwa a gaban jama'a. Wanda duk yake ganin wannan wasan yara ne, ina gayyatarsa ya zo ranar da nasa jirgin, a sa su gefe da gefe.