Garin saiwar shikore na Turai da albasarmu ta gida

Ƴan uwa manoma da uwayen gida na Bangi, Madawa, Buza da Kaita, yau muna son mu yi magana a kan wani gari fari da ake shigo da shi ƙasashenmu daga Turai. Da wuya mutum ya gan shi a kwano, domin galibi a cikin wasu kayan abinci yake zuwa: biskit, madarar gari, yawur da abincin gwangwani. Idan kuka duba bayan kwali kuka ga an rubuta "inuline" ko "fibre de chicorée", to shi ne. Ra'ayinmu a kansa shi ne: abu ne mai amfani, amma bai kai a fitar da kuɗin cefane a saye shi ba, domin danginsa na nan cikin garakenmu.

Mene ne shikore?

Shikore tsiro ne mai doguwar saiwa kamar karas, fara kuma mai ɗaci. Ya fi son ƙasa mai sanyi. Ana noma shi sosai a Beljiyam, Holan da arewacin Faransa. Tun da daɗewa Turawa ke gasa saiwarsa su niƙa, su sha a madadin kofi. Wannan al'ada ta bazu a Faransa bayan shekarar 1806, lokacin da yaƙin Napoleon da Ingila ya hana kofi shigowa. Har yau ana sayar da kofi mai haɗe da shikore, irin su Ricoré.

A cikin saiwar akwai wani abu da ake kira inulin. Wani masani Bajamushe, Valentin Rose, shi ya fara gano shi a shekarar 1804, cikin saiwar wani tsiro dabam. A kowane kilo 100 na ɗanyar saiwar shikore ana samun wajen kilo 15 zuwa 20 na inulin. Kamfanoni irin su Beneo da Cosucra a Beljiyam, da Sensus a Holan, suna yayyanka saiwar, su jiƙa ta a ruwan zafi, su tace ruwan, su busar da shi ya koma gari. Garin nan ne ake cikawa a buhu a tura duniya.

Me yake yi a jiki?

Inulin na cikin abin da likitoci ke kira zaren abinci, wato sashen abincin da tumbi da ƙaramin hanji ba sa narkarwa. Yana wucewa har babban hanji. A can akwai ƙananan halittu masu amfani, waɗanda ido ba ya gani, su ke cin sa su ƙaru. Sakamakon haka bayan gida na yin laushi, kuma yana fita a kan kari. A shekarar 2015 hukumar Tarayyar Turai mai kula da lafiyar abinci ta amince cewa giram 12 na inulin ɗin shikore a rana na taimaka wa mai fama da taurin ciki. Wanda ya sha da yawa lokaci guda kuwa, kumburin ciki da iska za su dame shi.

Amfaninsa ke nan. Ba ya warkar da ciwon suga, ba ya warkar da hawan jini, ba ya cire basur. Duk wanda ya ce muku ku bar maganin asibiti ku koma shan wannan gari, cutar ku zai yi.

Abin da muke da shi a gida

Albasa da tafarnuwa su ma suna ɗauke da inulin da danginsa. Na albasa bai kai na shikore yawa ba, na tafarnuwa kuwa ya kusa. Mu kuma ƙasar albasa muke. Daga kwarin Tarka zuwa Galmi da Tamaske, albasarmu ce manyan motoci ke ɗauka zuwa Akra, Abijan, Lome da Kwatano. Shi wannan abu yana narkewa a ruwa, saboda haka idan aka dafa albasa a miya, a cikin miyar yake zama.

Albasa kaɗai ba za ta cika mana buƙata ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2023 cewa babban mutum ya ci aƙalla giram 25 na zaren abinci a rana, wanda ya fito daga abinci kansa, tare da giram 400 na ganyaye da ƴaƴan itatuwa. A giram 100 na busasshen wake akwai wajen giram 10. Ku ƙara da miyar kuka, kuɓewa, zogale, kabewa, da geron da ba a tsananta masa surfe ba. Abincin kakanninmu ke nan. Matsalarmu ta soma ne tun da farar shinkafa, taliya da burodi suka fara korar tuwo da wake daga kwanon gida, domin an cire musu dusa tun a masana'anta.

Kira ga ƴan kasuwa

Ba mu ce a hana shigo da garin shikore ba. Masu yin yawur da biskit a Yamai ko Maradi na iya buƙatarsa, kuma likita na iya umurtar maras lafiya ya sha. Amma muna neman abu uku daga mai sayarwa. Na farko, ya sayar da shi a mazubinsa na asali, mai ɗauke da sunan kamfani, ƙasar da ya fito da ranar lalacewarsa. Na biyu, kada a ƙulla shi a leda ana sayarwa cokali-cokali, domin farin gari ne, ana iya cakuɗa shi da fulawa ko sukari ba a gane ba, kuma yana jan danshi ya dunƙule. Na uku, a kira shi kayan abinci, kada a yi tallarsa da sunan magani.

Mai son zuba jari a wannan sana'a ya tuna da abin da ya faru. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan Turai suka yi tsada cikin dare ɗaya. A shekarar 2023 aka rufe iyakarmu da Benin, kaya suka maƙale a tashar jiragen ruwan Kwatano. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Darasi ga manomi

Mutanen Beljiyam ba su yi arziki da ɗanyar saiwa ba. Sarrafa ta suka yi har ta zama gari mai daɗewa bai lalace ba. Mu kuwa muna kai albasa kasuwa gaba ɗaya a watannin Maris da Afrilu, lokacin da buhu ya fi arha, wadda muka ajiye kuma wani kaso nata ya ruɓe kafin farashi ya tashi. Mu gyara rudunmu iska ta riƙa ratsa shi. Mu bar albasa ta bushe sosai kafin ajiya. Ƙungiyoyin mata su ƙara himma wajen yin gabu da busar da yankakkiyar albasa cikin tsabta, a kan tabarma ko raga, nesa da ƙura da dabbobi.

Uwar gida, idan jaka ɗaya ce a hannunki ranar kasuwa, ki saye wake, kuka da albasa. Wanda ya iya karatu kuma ya riƙa duba bayan kwali kafin ya biya kuɗi, ya karanta wa maƙwabcinsa.