Amanar Jinyar Tsoho a Gida

Bayan haka, fatauci da aikin birni sun raba 'ya'ya da iyayensu, har ana ɗaukar mai jinya da lada. Wannan ya halatta, amma malaman fiƙihu sun sharɗanta cewa ijara ba ta inganta sai an san aikin, an san ladan.

To, ga aikin. Wanda ciwo ya kwantar, a riƙa juya shi kamar bayan kowace sa'a 2, don kada gyambo ya kama shi. A wanke hannu da sabulu bayan gusar da najasa. A ba da magani bisa ƙa'idar likita. A kau da santsi daga makewayi, gama karayar ƙugu takan zama ajalin tsoho.

A Ingila, tun 2009 akwai hukuma mai binciken kamfanonin jinya. Amma idon iyali ya fi na hukuma kusa. Attajiri ba ya barin wa baƙo rumfarsa sai ya san halinsa, balle mahaifinsa. Lalle a biya mai jinya kan lokaci, a riƙa leƙawa ba zato. Allah ya sa a dace.