Wa ke da ikon cewa tawada ta ƙare?

Maganarmu ta wannan fitowa a kan wani abu ne da ake rainawa, alhali yana cin kuɗin jama'a ba a ankara ba, wato kartush ɗin tawada na injin buga takarda. Yau da wuya a sami makaranta ko ofishin ƙungiya ko shagon fotokopi da babu wannan inji. Mu mazauna kudancin Aljeriya kuwa lamarin ya fi yi mana nauyi. Daga birnin Alje zuwa Tamanrasset kusan kilomita 2,000 ne a mota, kuma wanda ke zaune a ƙauye irin Mertoutek, can cikin duwatsun Tefedest, sai ya yi tafiya ta musamman ko ya ba da saƙo kafin ya sami sabon kartush. Idan aka cire tsohon da sauran tawada a ciki, an zubar da kuɗi. Idan kuma ya ƙare ranar jarrabawa babu wani a ajiye, yara ne za su zauna suna jira.

Ya kamata mu fara sanin abin da injin ke nufi idan ya ce tawada ta yi ƙasa. Tawadar irin waɗannan injuna gari ce mai laushi, akasarinta roba, wadda zafi ke narkarwa ta manne a takarda. Yawancin injuna ba sa auna wannan gari kamar yadda ake auna gero da tiya. Ƙiyasi suke yi: suna ƙirga shafukan da aka buga da yawan baƙin da ke cikinsu, su adana lissafin a wata ƴar ƙwayar lantarki da ke manne a jikin kartush. Adadin shafukan da ake rubutawa a kwali ma an gina shi ne a kan ƙa'idar ISO 19752 ta shekarar 2004, bisa shafin da rubutu ya rufe kimanin kashi 5 cikin 100 nasa. Saboda haka gargaɗin farko sanarwa ce ta a tanadi wani, kuma sau da yawa ana iya ci gaba da bugawa bayansa.

To, su wa ke neman riƙe wannan iko? Na farko su ne kamfanoni, domin ribarsu ta fi yawa a kartush fiye da injin kansa. A watan Satumba na 2016 wasu injunan HP masu tawadar ruwa suka daina karɓar kartush ɗin da ba na kamfanin ba, ta dalilin umurnin da aka sanya musu ta intanet. A ƙarshen 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci kamfanin tarar Yuro miliyan 10 saboda bai bayyana wa masu saye wannan ƙulli yadda ya kamata ba. A Amurka kuma kamfanin Lexmark ya yi ƙarar masu sake ɗura kartush ɗinsa suna sayarwa, amma a watan Mayu na 2017 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wanda ya sayar da kaya ba ya da ikon bin su da haƙƙin ƙirƙira bayan ya karɓi kuɗinsa. Faransa ma tun 2015 ta mai da rage rayuwar kaya da gangan laifi, mai hukuncin ɗaurin shekara 2 da tarar Yuro 300,000. Abin dubawa kuma, a farkon 2022, da ƙwayoyin lantarki suka yi ƙaranci a duniya, kamfanin Canon da kansa ya fitar da wasu kartush babu su, ya koya wa jama'a yadda za su wuce gargaɗin inji su ci gaba da aiki.

Amma adalci shi ne mu faɗi namu. Na biyu a neman wannan iko mu ne kanmu. A wuraren aikin da kowa ke da hannu a kwabad, da zarar fitila ta kunna sai wani ya ɓalle sabon kwali, domin ba daga aljihunsa kuɗin ya fito ba. Wannan ne ya sa ake ƙera wasu manyan injunan ofis da murfin da ba ya buɗewa sai tawada ta ƙare ƙarƙaf. Mu da ƙananan injuna ne a hannunmu, makullinmu shi ne tsari da riƙon amana, musamman inda aka sayi kaya da karo-karon iyaye da gudunmawar bayin Allah.

Shawarata ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyi ita ce a ɗora alhakin canji a wuyan mutum ɗaya. A ajiye littafi kusa da inji, a rubuta ranar da aka sa kartush da lambar shafukan da injin ya nuna a ranar. Bayan canji biyu ko uku za a san tsawon lokacin da kowane yake yi, sai a yi saƙon sabo tun kafin buƙata ta taso. A duba saitin inji, domin da yawansu suna ba da zaɓi tsakanin tsayawa da ci gaba idan tawada ta yi ƙasa. Idan rubutu ya fara kodewa, a ciro kartush a jijjiga shi a hankali dama da hagu a mayar. Sai ya sake kodewa bayan haka ne za a canza. Takardun shaida da na hukuma kaɗai ne ba a yi musu wannan lallaɓa, domin takarda mai dishi-dishi tana iya sa a mayar da mutum gida bayan doguwar tafiya.

Na ajiya kuwa a bar shi cikin ledarsa, nesa da rana da ƙura, kada a manta shi cikin mota, domin zafin sahara na dunƙule garin. Idan ya zuba a tufa a wanke da ruwan sanyi, ruwan zafi kama shi yake yi. Mai niyyar sayen inji ya fara tambayar farashin kartush ɗinsa da ko ana samunsa a Tamanrasset, ya kuma tuna cewa araha ba ta ado.

Allah ya sa albarka a cikin abin da muke da shi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.